Wa aka tasa kafin mu samu wurin shan iska?

Babu birnin da ke ji da kansa a yau da ba ya son a ce yana da hanyar yawo a bakin ruwa. Magajin gari ya ci zaɓe, kafin kujera ta gama ɗumi an kawo masa zanen gaɓar kogi: fitilu a jere, bencina, itatuwa masu inuwa, iyaye na tura keken jarirai, dattawa na miƙe ƙafa da yamma. Ni ban ga laifin wannan ba. Wanda ya wuni cikin hayaƙin motoci da hayaniya yana da haƙƙin ya samu inda zai zauna ya ji motsin ruwa kawai. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake miƙo mana waɗannan wurare kamar haka Allah ya halicce su, tsaf-tsaf, tsit, kamar ba a taɓa yin gumi ko kuka a cikinsu ba.

Alhali bakin ruwa a tsakiyar birni bai zama wurin hutu ba sai kwanan nan. A da can ake sauke kaya da lodi. Can majema da marina suke, domin sana'arsu ba ta yiwuwa sai da ruwa, kuma ba mai son warinta a ƙofar gidansa. Can ƙazantar gari take gangarawa. Talakan da ba shi da fili can yake kafa bukka, don ƙasar da ambaliya ke ci duk shekara ba mai kuɗin da ke rububinta. Ita ma hukuma in tana da abin da take so ya ɓace, ruwa take nufa da shi. Saboda haka duk inda ka ga gaɓa ta yi shiru a cikin birni, ko dai sana'ar da ke wurin ta mutu, ko an kwashe masu yin ta.

A arewacin Landan akwai wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, Regent's Canal, wadda aka kammala a 1820. Tsawonta ya kusa kilomita 14, daga Paddington har Limehouse inda take haɗuwa da kogin Thames. Yau masu gudu da masu keke ne suka cika gefenta. Siririyar hanyar da suke bi kuwa ta doki ce tun asali. Jiragen da ke dakon kwal da katako da bulo ba su da inji. Doki ne ke tafiya a gaɓa yana jan su da doguwar igiya, wani na biye da shi, sau da yawa mace ko yaro, domin iyalai da dama a cikin ɗan ɗakin jirgin suke kwana suke tashi. Igiyar takan jiƙe ta kwashi yashi, duk inda hanya ta yi kwana a ƙarƙashin gada sai ta gogi ginshiƙi. Yau da gobe, har ta ci ƙarfe. Wanda ya je gadar Macclesfield, kusa da gidan namun dajin Landan, ya shafa ginshiƙanta, yatsansa zai faɗa cikin tsagogi masu santsi, ɗaya bisa ɗaya, daidai tsayin da igiyar ke wucewa.

Wannan gada tana da wani labarin. Da asubahin 2 ga Oktoba 1874 wani jirgi mai suna Tilbury, ɗauke da albarushi kimanin tan 5 da kuma man fetur, ya yi bindiga daidai ƙarƙashinta. Mutanen da ke cikinsa suka mutu nan take, gadar ta ruguje, tagogin gidaje masu nisa suka tarwatse. Da aka zo sake gini sai aka tarar ginshiƙan ƙarfen suna da sauran amfani, aka mayar da su wurinsu, amma aka juya su: gefen da igiya ta cinye ya koma baya, lafiyayyen ya fuskanci hanya. Igiya ta ci gaba da aikinta. Shi ya sa yau tsagin yake gaba da baya, na bayan an yi shi kafin 1874, na gaban kuma bayanta. Wanda ya ba da umarnin a juya ginshiƙan tattalin kuɗi yake yi, ko kusa tarihi ba ya cikin lissafinsa. Amma da ya sayo sababbi, da ba abin da ya rage na dubban dawakai da mutanen da suka bi ta nan. A ƙarƙashin falankin kankaren da mai gudu ke takawa kuma, a wani sashe na hanyar, akwai manyan wayoyin lantarki da aka shimfiɗa a 1979, ana tura ruwan hanyar yana sanyaya su. Wato har yanzu gaɓar tana bakin aiki, aikin ne ya koma inda ido ba ya kaiwa.

Irin wannan tarihi kowa na son sa, domin doki da igiya ba su tuhumar kowa. Akwai gaɓoɓin da abin ya fi haka nauyi.

A unguwar Kreuzberg ta birnin Berlin, kusa da gadar Oberbaum, akwai wata gajeriyar gaɓa a bakin kogin Spree mai matakala da ke sauka har ruwa. In rana ta fito matasa kan zauna a kai suna hira. Zamanin da katanga ta raba birnin, daga 1961 zuwa 1989, wannan gaɓa tana ɓangaren Yamma, amma ruwan kogin gaba ɗayansa, tun daga jikin dutsen gaɓar, mallakar Gabas ne. Duk wanda ya shiga ruwan ya ƙetare iyaka ke nan, kuma masu gadin iyakar suna riƙe da bindiga da izinin harbi. Tsakanin 1972 da 1975 yara 4 suka faɗa ruwa a wannan wuri suka nutse. Akwai lokutan da manya suna kusa, 'yan kwana-kwanan Yamma ma sun iso da kayan aiki, amma ba wanda ya isa ya tsoma ƙafa. Na ƙarshensu ɗan wasu Turkawa 'yan ci-rani ne. Ƙwallonsa ya bi, ranar 11 ga Mayu 1975, ranar da ya cika shekara 5 da haihuwa. Sai a watan Oktoban wannan shekara ɓangarorin biyu suka sa hannu a yarjejeniyar da ta halatta ceton wanda ya faɗa ruwan iyaka. Yara nawa ake buƙata kafin manyan mutane masu kwat da lakataye su yarda cewa mai nutsewa a ciro shi?

Ba a nan labarin gaɓar ya tsaya ba. A lokacin sunanta Gröbenufer, sunan Otto Friedrich von der Gröben, hafsan da ya kafa wa masarautar Brandenburg ta ƙasar Jamus sansani a gaɓar tekun ƙasar da yanzu ake kira Gana a 1683, sansanin da daga baya aka riƙa lodin bayi daga cikinsa zuwa ƙetaren teku. Sama da shekara 100 mutane suna rubuta wannan suna a kan ambulan, galibinsu ba su san ko wane ne ba. A 2010 aka sauya wa titin suna zuwa na May Ayim, marubuciyar waƙoƙi Bajamushiya wadda mahaifinta ɗan Gana ne, ta rasu a 1996. Abin da ya burge ni a nan shi ne ba a cire tsohon suna a ɓoye ba. An kafa allo a wurin yana bayanin wanda aka cire da dalilin cire shi. Mai wucewa yana iya karantawa, yana iya wucewarsa. Taku kaɗan ne daga wannan allo zuwa matakalar da yaran suka faɗa.

A Rio de Janeiro ta Birazil kuwa binnewa aka yi, har sau biyu. Matsayar jiragen ruwa ta Valongo, wadda aka daɓe da duwatsu a 1811, ita ce ƙofar da aka ƙiyasta 'yan Afirka kimanin 900,000 suka shigo ta cikinta a matsayin bayi. A 1843, da amaryar sarki Pedro na Biyu, Teresa Cristina, za ta iso daga Turai, aka ga bai dace ta taka inda bayi suka taka ba. Sai aka shimfiɗa sabon daɓe a kan tsohon, aka raɗa wa wurin sunan matsayar sarauniya. Farkon ƙarni na 20 aka cike gaɓar da ƙasa don faɗaɗa tashar jiragen ruwa, teku ta ja baya, duka daɓen biyu suka shige ƙarƙashin titi. Sai a 2011, ana haƙe-haƙen gyaran unguwar tashar gabanin gasar Olamfik ta 2016, duwatsun suka sake ganin rana. A 2017 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya. Wanda ya leƙa ramin yau zai ga daɓe biyu, na ƙasa mai gargada da aka yi wa bayi, na sama mai tsari da aka yi wa sarauniya. Ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Faris ma tana da nata. Gaɓoɓin kogin Seine suna cikin wuraren da aka fi ɗauka hoto a duniya, UNESCO ta karrama su tun 1991, kuma a 'yan shekarun nan an ƙwace wasu titunan bakin kogin daga hannun motoci an ba masu tafiya a ƙasa. A daren 17 ga Oktoba 1961, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya, dubban 'yan Aljeriya mazauna birnin suka fito zanga-zangar lumana kan dokar hana fita da aka ƙaƙaba musu su kaɗai. 'Yan sanda ƙarƙashin shugabansu Maurice Papon suka far musu. Aka kama sama da mutum 11,000, aka kashe wasu da duka da harsashi, aka jefa wasu cikin kogi. Hukuma ta ce mutum 3 ne suka mutu. Ƙiyasin masana tarihi ya tashi daga gomomi har zuwa sama da 200. Sai da aka shekara 40 cif kafin magajin garin Faris, Bertrand Delanoë, ya kafa ɗan allon tunawa a gadar Saint-Michel a 2001. Shugaban ƙasa François Hollande ya amsa cewa abin ya faru a 2012, Emmanuel Macron kuma a 2021 ya ce laifi ne da ba shi da uzuri. Duk tsawon waɗancan shekaru 40 masoya na jingina da katangar gadar suna kallon ruwa, a birni guda da mutanen da suka san 'yan uwansu ta nan aka jefa su.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mutum ya taso daga aiki a gajiye, ya zo ya sha iska da iyalinsa, me ya sa sai an tare shi da gawa? In za a bi diddigi, wace ƙasa ce ba a taɓa zubar da jini a kanta ba? Za a mayar da kowane lambu maƙabarta ne? Akwai kuma waɗanda abin ya shafa kai tsaye da su kansu ba sa son a riƙa tono musu miki duk lokacin da suka fito yawo. Wannan na ƙarshe shi ya fi ƙarfi a wurina, kuma duk mai son kafa abin tunawa ya kamata ya fara da tambayar su kafin ya tambayi mai zane.

Na kuma yarda cewa akwai tunawar da ke kashe wuri. Ka ga an jera alluna goma sha, rubutu ƙanana cunkus, rana ta cinye rabinsu, ba mai karantawa sai ɗalibin da aka tilasta wa. Yanzu kuma an ƙaro yayin manna wata alama da za ka haska da waya ta kai ka intanet, kamar wanda ya gudo daga waya ya zo bakin ruwa wayar yake nema. Wannan duk sauke nauyi ne irin na ofis: an ware kuɗin tarihi a kasafi, an kashe, an rubuta rahoto.

Amma dubi abin da aka yi a Budapest. A gaɓar kogin Danube, kusa da ginin majalisar dokokin Hangari, akwai takalman mutum 60 na ƙarfe da aka kafe a bakin dutse a 2005. Na maza, na mata masu tsini, na yara, wasu a karkace kamar yanzu aka tuɓe su. A hunturun 1944 zuwa 1945 'yan bangar jam'iyyar Arrow Cross mai goyon bayan 'yan Nazi sun riƙa kawo mutane, galibinsu Yahudawa, bakin kogin, su sa su tuɓe takalma domin takalmi kaya ne mai daraja a lokacin yaƙi, sannan su harbe su ruwa ya tafi da su. Abin tunawar bai kai gwiwar mutum tsayi ba. Bai tare hanya ba, bai tare kallon kogi ba. Rubutun da ke wurin gajere ne. Mai gudu yana wucewa da gudunsa, mai tsayawa yana tsayawa. Ban ga ta inda wannan ya rage wa kowa jin daɗin yammacinsa ba, sai dai wanda jin daɗinsa ya dogara da kada ya sani.

To amma duk wannan ba shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba. Bayi na 1811, yaran 1975, mutanen 1944, ko an daɗe ana kai ruwa rana, a ƙarshe birane kan yarda su tuna da su, domin waɗanda suka aikata sun mutu ko sun sauka, ba wanda zai rasa kujera ko kwangila. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tarihin da ba a son a taɓa shi ne na sama-sama, wanda fentinsa bai gama bushewa ba: su wa aka tasa daga gaɓar nan domin a shimfiɗa mana wannan daɓe?

Babu inda wannan ya fito fili kamar rafin Cheonggyecheon da ya ratsa tsakiyar Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, wanda masu tsara birane a duniya ke ta zuwa koyi da shi. Rafi ne tsoho. A 1760 sarki Yeongjo ya tara mutane kimanin 200,000 suka yashe shi saboda ambaliya. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 'yan gudun hijira suka cika gaɓarsa da bukkokin katako masu dogayen ƙafafu a cikin ruwa, rafin ya koma kwata. Daga 1958 gwamnati ta fara rufe shi da kankare, aka yi rusau aka watsa mazauna bukkokin zuwa bayan gari, aka shimfiɗa titi, sannan aka ɗora gadar sama da aka kammala a 1976. A lokacin wannan gada ita ce abin alfahari, ita ake nuna wa baƙi. A gefenta da ƙarƙashinta kasuwa ta kafu: masu kayan ƙarfe, masu gyaran inji, masu kayan lantarki, ɗinki, gwanjo, da 'yan tebur ba iyaka.

A Yulin 2003 magajin gari Lee Myung-bak ya fara rushe gadar. Cikin shekara biyu da 'yan watanni, a Oktoban 2005, aka buɗe kusan kilomita 6 na rafi mai ruwa garai-garai, da duwatsun tsallakawa da ciyayi da kifaye. Aiki ne mai kyau, ba na musu. Iska ta gyaru a wurin, zafi ya ragu, jama'a suka yi ta tururuwa, shi kuwa Lee ya hau wannan farin jini har ya zama shugaban ƙasa a 2008. Sai dai ruwan da ke gudana ɗin, kimanin tan 120,000 a kullum lokacin da aka buɗe rafin, injuna ne ke turo shi daga kogin Han da kuma ruwan da ke tsattsafowa a tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Ranar da aka kashe injin, rafin zai koma abin da yake a yawancin watannin shekara, wato kusan busasshe.

Da tsohon tarihi kuwa, an yi ƙoƙari gwargwado. An tono gadar Gwangtonggyo da kankare ya haɗiye, wadda ita kanta labari ce: a 1410 sarki Taejong, saboda ƙiyayyar da yake yi wa matar ubansa, sarauniya Sindeok, ya sa aka kwaso duwatsun kabarinta aka gina gadar da su don jama'a su riƙa bi ta kai, wasu sassaƙaƙƙun ma a kife aka ɗora su. Duwatsun suna nan, mai bi ta ƙarƙashin gadar yana ganin su. Sai dai an matsar da ita kimanin mita 150 daga asalin wurinta don kada ta takura wa motoci, abin da masana tarihin ƙasar suka yi ta ƙorafi a kai. An bar ginshiƙai 3 na rusasshiyar gadar sama a tsaye cikin ruwa, shawara mai kyau ƙwarai. A kan wata gada kuma akwai mutum-mutumin Jeon Tae-il, matashi mai yankan yadi ɗan shekara 22 da ya cinna wa kansa wuta ranar 13 ga Nuwamba 1970 a kasuwar Pyeonghwa da ke gefen rafin, saboda yadda ake bautar da 'yan mata ƙanana a ɗakunan ɗinki alhali dokar ƙwadago tana nan a rubuce ba a aiki da ita. Har kwaikwayon bukkokin katako na shekarun 1960 an gina a bakin rafin, don masu yawo su shiga su ɗauki hoto.

To ina 'yan kasuwar 2003? 'Yan teburin da ke kasa kaya a gefen titin, a ƙarshen wannan shekara aka tashe su da ƙarfi, aka yi artabu. Aka tura su cikin tsohon filin wasa na Dongdaemun. Ba su gama sabawa da wurin ba aka ce shi ma filin za a rushe, a gina katafaren ginin nan na Dongdaemun Design Plaza da aka buɗe a 2014. A 2008 aka sake kwasar su zuwa wata kasuwar gwanjo a unguwar Sinseol-dong. Masu shaguna kuma aka yi musu alkawarin sabuwar cibiyar kasuwanci, Garden Five, can kudu maso gabashin birnin, nesa da abokan cinikinsu. Da aka gama ginin sai farashin shago ya ninka abin da suka sa rai, da yawa ba su iya shiga ba, wasu da suka shiga suka rasa ciniki suka fita. Duk wanda ya san kasuwa ya san ba gini ba ce kawai. Mai gyaran inji yana rayuwa ne saboda mai sayar da ƙusa yana kusa, mai walda yana bayan shagonsa, mai dako ya san ƙofar kowa. In ka raba su ka kashe su, ko da kowanne ka ba shi shago mai tayil.

Ka ga bambancin. Talakan 1960 ya zama abin sha'awa, an gina masa bukkar kwaikwayo. Talakan 2003 yana nan da ransa, yana da baki, yana iya neman diyya, yana iya zuwa kotu. Shi ya sa ba a son ganin sa a cikin hoton.

Haka abin yake a Ahmedabad ta Indiya. Kogin Sabarmati, wanda Gandhi ya kafa mazauninsa a gaɓarsa a 1917 ya kuma tashi daga nan zuwa tattakin gishiri na bijire wa Turawan mulkin mallaka a 1930, kogi ne da ke ƙafewa yawancin shekara. A faɗin yashinsa mawanka ke shanya, manoma ke shuka, dubban iyalai ke zaune. An fara aikin gina gaɓar a 2005, aka buɗe wa jama'a a 2012, lokacin Narendra Modi yana babban ministan jihar Gujarat, da hanyar yawo ta kimanin kilomita 11 a kowane gefe. Ruwan da ya cika shi yanzu daga kogin Narmada ake karkato shi. A nan Modi ya karɓi shugaban Sin, Xi Jinping, a 2014. Iyalai kimanin 10,000 aka tasa, kuma sai da magana ta kai babbar kotun jihar kafin batun ba su matsuguni ya kankama. Da yawansu an kai su gidajen bene a gefen gari, nesa da gidajen da matansu ke aikatau da kasuwannin da mazansu ke dako.

Ba cewa nake kada a gyara gaɓar ruwa ba. Zama a bukka cikin kwata ba gata ba ne, kuma masu ƙawata talauci daga nesa ba su taɓa kwana inda ambaliya ke shigowa da dare ba. Wani lokaci tashin ya zama dole. Abin da nake cewa shi ne wanda aka tasa yana cikin kuɗin aikin, kamar siminti da rodi. Idan birni ya iya biyan kuɗin turo ruwa tan dubbai kullum don rafi ya yi kyau a ido, bai isa ya ce ba shi da kuɗin ajiye mai tebur a inda cinikinsa zai rayu ba. Kuma a kan sami wuri a cikin sabuwar gaɓar kanta in an so. A Ahmedabad ɗin ma tsohuwar kasuwar ranar Lahadi da ke ci a bakin kogin tun ƙarni na 15 ta tsira, an ware mata fili a cikin sabon tsarin, bayan 'yan kasuwar sun tsaya tsayin daka. Da sun yi shiru da ita ma ta bi sahu.

Game da tunawa kuma buƙatata ba ta da tsada. A bar wani abu na gaske a wurinsa, ko ginshiƙi ne, ko matakala, ko harsashin gida guda, kada a share komai sannan a dawo a gina na ƙarya. Duk irin wannan aiki kuma ana kafa masa dutse ranar buɗewa, da sunan mai girma wane da ya yanke ƙyalle, da kwanan wata, wani lokaci har da sunan kamfanin da ya yi kwangila. A ƙasan waɗannan sunaye akwai fili. A rubuta sunan unguwar da ke wurin kafin a zo, da yawan gidajen da aka tasa, da inda aka kai su. Ba sai an ɗauko masanin tarihi ba: alƙaluman suna cikin fayil ɗin biyan diyya, a ofishin da ya ba da kwangilar sassaƙa dutsen.